Ɗingishin da Ustaz Ya Cire Mini

Tun kafin a buga mini biza, tun kafin in san yadda cikin jirgi yake, abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai: kada Hanifa ta manta da ni. Ban ji tsoron hanya ba, ban ji tsoron Larabci ba. Tsorona shi ne in dawo in miƙa hannu, 'yata ta yi mini irin kallon da take yi wa mai kawo ruwa, ta ɓuya a bayan wani.

Shekararta biyu ba wata uku a lokacin, an yaye ta. A gidanmu in an cire yaro daga nono wurin kaka ake kai shi ya yi kwanaki har ya haƙura. Aka kai ta Goron Dutse wurin Inna, mahaifiyata. Ni kuma da wayona na ce tunda dole ne mu rabu, bari rabuwar ta yi mini amfani. Na ja kwanakin yayen nan, na ja, har suka zama wata biyu a ƙasar Sudan.

Aikina kiɗan fim ne. Ba na rawa ba, wanda ake sawa a ƙarƙashin magana, wanda ba kowa ke lura da shi ba. Ban yi boko mai nisa ba. Kafin aure amshi nake yi a wani sitidiyo kusa da Ƙofar Nassarawa, bayan aure Abban Hanifa ya ce ba zai hana ni ba, amma daga gida. Ya saya mini ƙaramin piyano. Sai in ƙirƙiri kari da baki ina shara ko wanke-wanke, in lalubo shi a kan piyano da yatsa biyu, in tura wa Oga Sadi, furodusan da nake yi wa aiki. Kullum amsarsa ɗaya ce: "Ya yi daɗi, Maman Hanifa, amma wallahi duk kiɗanki kamar uwarsu ɗaya ubansu ɗaya." Maganar nan ta ishe ni. Na ce sai na je an koya mini.

Dangin Abban Hanifa Larabawan cikin gari ne, kakanninsu fatake, don haka babu inda ba su da ɗan'uwa. Gwaggonsa Zahra'u tana aure a Umdurman, shi kuma yana zuwa can saro turaren wuta da humra. Shi ya sa tafiyar ta yiwu. Oga Sadi ya ba ni sin uku, wato fitowa uku, na wani sabon fim a filas, ya ce in gwada a kansu. Inna kuwa doka ɗaya ta kafa mini: "Kada ki kuskura ta ji muryarki a waya. In ta ji, rigimar nono za ta dawo sabuwa, kuma ni za ta hana sakat ba ke ba."

Zangon farko shi ne makarantar da babu ita. Wani dillali a Kano ya nuna mana hoton wani gini mai fitilu da ciyawa shar, ya ce nan ake koyar da kiɗan fim, ya rubuta mana adireshi, ya ce an san da zuwanmu. Washegarin saukarmu muka hau raksha, keken Sudan ke nan, muka yi ta zagaye cikin rana. Da muka isa adireshin, shagon gyaran firji ne. Muka kira dillali, waya a kashe. Abban Hanifa ya nuna wa mai shagon hoton, mutumin ya kalla ya ce ai wannan gidan biki ne, a can aka yi auren ƙanwarsa.

Nan muka tsaya a bakin titi muna faɗa.

"Na gaya miki mutumin nan idonsa bai yi mini ba."

"Yaushe ka gaya mini? Ba kai ka ce ɗan unguwarku ne ba?"

"To sai ki shirya, jibi mu koma tare."

"In koma in ce wa Inna me? Na bar yarinya na je kallon firji?"

Sai muka ji wata murya daga gindin bishiya ta ce, da Hausa, "Ku Kanawa ne ko? Faɗan naku ya nuna."

Wata dattijuwa ce mai sayar da shayi, zaune a bayan ɗan teburinta da kwalabe jere. Sunanta Hajja Kaltuma. Kakanta ya taso daga ƙasar Hausa a ƙasa zai tafi Makka, ya tsaya a nan hutawa, hutun da har yau jikokinsa ba su gama ba. Hausarta irin ta tsofaffin da ce, tana gauraya ta da Larabci. Ta ba mu kujeru, ta zuba mana shayi mai na'ana'a ba ta tambaye mu ba, ta ji labarinmu har ƙarshe. Sannan ta nuna saman shagon firjin da cokali.

"Makaranta dai babu. Amma akwai wani tsoho a sama, Ustaz Mubarak, shi ya yi wa wasannin talabijin ɗinmu kiɗa tun ina budurwa. Masifaffe ne. In kina iya haƙuri, zan hau da ke."

Abban Hanifa ya hau ya ga wurin, ya ga tsohon, ya ga Hajja za ta riƙa zama tare da mu tana fassara, ya amince. Bayan mako ɗaya ya koma Kano da kayansa, ya bar ni a gidan Gwaggo.

Ɗakin Ustaz ɗaki ɗaya ne: kwamfuta, babban piyano mai maɓalli ɗaya a karye, wani abin kiɗa mai ƙaton ciki kamar garaya da suke ce wa ud, da fankar da ta daina juya kai. Ranar farko ya ce in nuna abin da na iya. Na zaɓi sin ɗin da ɓarawo ya fizge waya aka bi shi a guje cikin lungu, na sa kiɗan da na yi masa tun a gida. Ban kai rabi ba tsohon nan ya kifa kai a tebur ya fara minshari. Da gangan. Sannan ya ɗago ya yi magana, Hajja ta fassara tana danne dariya.

"Ya ce in ɓarawon nan ya ji kiɗanki, tsayawa zai yi ya nemi tabarma."

Raina ya ɓaci. Na ce ta gaya masa a Kano ba a taɓa raina aikina haka ba. Ta gaya masa. Ya ce to me ya kawo ni?

Mako guda cur bai bar ni na taɓa piyano ba. Sai ya kashe sautin fim, ya ba ni cokali da kofin shayi, ya ce duk lokacin da ƙafar ɓarawo ta taɓa ƙasa in ƙwanƙwasa. Daga safe har azahar. In na yi kuskure a mayar baya. Na haddace takun ɓarawon nan fiye da yadda na san na mijina. In na koma gida Gwaggo Zahra'u ta tare ni a ƙofa: "Yau ma kofin aka buga? Ikon Allah. Da kin faɗa ai muna da kofuna a nan, ba sai kin hau raksha ba." Ga wake da safe, wake da dare, ful suke ce masa, suna kwarara masa mai kamar za a soya shi karo na biyu. Ga nono ya cika yana yi mini zogi, rigata tana jiƙewa a gaban mutane, in yi ta jan mayafi.

Kiran Inna shi ya fi komai wuya. Sai ta ɗauka ta ce, "Yi shiru," ta ajiye wayar kusa da Hanifa. In ji ta tana gwaranci, tana buga murfin tukunya, tana kiran akuyar maƙwabta. Ni kuma na toshe baki da mayafi kamar ɓarauniya. Wata rana tari ya kubce mini, Inna ta kashe wayar nan take. Da na sake kira ta ce, "Ke ba ki da hankali ne? Ta ɗago kai fa." Na yi kwana biyu ina jin daɗin wannan faɗan, don ta ɗago kai.

A mako na biyu Ustaz ya sa mini abin kunne. A ciki akwai wani ƙwas, ƙwas, ƙwas da kwamfuta ke bugawa, ba ya sauri ba ya jinkiri, ba ruwansa da numfashinka. Ya ce duk kiɗan fim a kan wannan ake ɗora shi, don hoto ba ya jiran kowa. Na sa wa abin suna Mai Gadi. Na tsane shi. In na fara daidai da shi, kafin a jima sai in ga ya wuce ya bar ni, ko ni na tsallake shi. Ustaz ya yi ta dukan tebur.

"Ya ce waƙarki ɗingishi take yi," in ji Hajja. "Ya ce duk layi na huɗu sai ki ɗan tsaya, sannan ki yi tsalle. Kowace waƙa. Ya ce shekararsa arba'in yana aikin nan bai taɓa ganin gurguwar waƙa irin taki ba."

"Ki ce masa ni ban ji wani ɗingishi ba."

"Ya ce gurgu ma ba ya jin nasa."

Ranar ya ce in tashi tsaye in rera waƙar da na fi sabawa da ita, da baki kawai. Babu wadda na fi sabawa da ita kamar ta Hanifa, wadda nake lallashinta da ita tun tana jaririya. Ba ta da wasu kalmomi, sunanta ne kawai da kari a hanci. Na rufe ido na fara. Ina kaiwa layi na huɗu Hajja Kaltuma ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Goyo take gyarawa! Ustaz, goyo take gyarawa!"

Na buɗe ido na tsinci kaina a sunkuye, hannuwana biyu a baya, na ɗaga kafaɗa. Babu komai a bayana. Ashe duk karin da na taɓa yi a duniya da Hanifa a baya na yi shi. Saurinsa saurin jijjiga ne, shi ya sa har ɓarawo nake lallashi. Tsayawar nan kuma daidai lokacin da yarinya ke zamewa ne, in sunkuya in cilla ta sama in ƙara ɗaure zani. Hajja ta yi wa Ustaz bayani, har ta tashi ta kwaikwaya. Ya kalle ni. Na zaci zai tausaya. Sai ya ce, fim ba shi da goyo.

Daga ranar ya tsayar da ni a jikin bango, bayana manne da siminti, hannuwa a gaba riƙe da kofi, Mai Gadi a kunne, in rera waƙar Hanifa. In kafaɗata ta motsa ya buga tebur. Waƙar ya zaɓa don a cikinta ɗingishin ya fi ƙarfi. Kwana nawa na yi a jikin bangon nan ban ƙirga ba, na dai san har farar ƙasarsa ta kama bayan hijabina, Gwaggo ta ce, "Yanzu kuma fenti aka koma?"

Azumi ya kama. Hajja ba ta da cinikin rana, sai ta tare a ɗakin gaba ɗaya, tana fassara tana gyangyaɗi, wani lokaci ta ƙara nata. Na sha kama ta: Ustaz ya faɗi kalma biyu, ita ta yi mini huɗuba. Amma a cikin azumin nan ne abin ya fara shiga. Na koyi zama in kalli sin babu sauti, in ja layi a takarda inda kiɗa zai shiga da inda zai fita, da irin alamomina na da'ira da ƙugiya tunda ban iya nasu rubutun ba. Na koyi cewa kowane mutum a fim ana ba shi nasa karin, ya riƙa binsa, in yana murna a sake shi, in yana baƙin ciki a ja shi. Na koyi cewa ba a fara kuka da sarewa kafin mai kukan ta fara, mu kuwa a Kano tun tana ɗaga labule muke sanar da mutuwar. Na koma buga piyano da yatsa biyar, duk da na ƙarshen har yau ɗan kallo ne.

Ranar da na sake yin sin ɗin ɓarawo, na saci kallon ƙasan tebur, na ga ƙafar Ustaz tana bugawa. Da aka gama ya ce, "Kwayyis." Hajja ta buɗe baki za ta fassara na ce, "Bar shi, wannan na ji, ya yi kyau ke nan."

Sin na biyu ma ya wuce. Saura na uku: wata mata da goyo tana kai da kawo a ƙofar asibiti, tana jiran a fito a gaya mata halin da mijinta ke ciki. Babu magana a cikinsa sam. Na ɗora masa waƙar Hanifa, sabuwar, wankakkiya, wadda ke tafiya da Mai Gadi ƙafa da ƙafa. Ustaz ya saurara sau uku. Ya ce daidai ne, babu kuskure. Amma bai ce kwayyis ba. Ya yi ta shafa gemu, ya ce akwai abin da ya rage, bai san mene ne ba, in dawo ranar Asabar zai yi tunani.

Na fito ina ƙunƙuni. Na ce wa Hajja, "Mutumin nan fa ba ya ƙoshi. An yi ɗingishi ya ce a cire, an cire ya ce da saura."

Ranar Asabar da safe ina ɗaura takalmi aka fara harbi.

Da farko Gwaggo ta ce ƙila atisaye ne. Kafin azahar jirage na wucewa ta saman gidan, tagogi na kaɗawa, ashe yaƙi ne ya ɓarke. Muka shige ƙarƙashin gado ni da ita da jikokinta. Abin da ya fi ba ni haushi da kaina, ina kwance a ƙasa ina salati, sai na kama yatsana yana ƙwanƙwasa ƙafar gado, yana bin saurin bindigar. Na ce kai Ustaz, ka cuce ni, ko mutuwa zan yi sai na ƙirga ta.

Wuta ta ɗauke, famfo ya ƙafe. Waya ta zo ta tafi. In ta zo, Abban Hanifa ne yana tambaya ina nake, kamar akwai inda zan je. Sau ɗaya na samu Inna, na ce, "Inna, don Allah ki ba ta wayar, ko sau ɗaya ta ji ni, ban san ko zan dawo ba." Inna ta ce, "Za ki dawo. Bari in kira ta." Kafin ta kira ta layin ya yanke. Haka muka yi Salla a ɗaki, da busasshen burodi.

Kwana biyu bayan Salla aka buga ƙofa. Hajja Kaltuma ce, ta tako a ƙasa tun daga unguwarsu, ƙafafunta fari fat da ƙura. Ta kwance bakin mayafinta ta fito da filas ɗina da takardun alamomina.

"Ustaz ya ce a kawo miki. Zai tafi ƙauyensu. Ya ce bai gano abin da ya rage ba, ki gano da kanki. Ya ce kuma in ya ji kin koma yatsa biyu bai yafe ba."

"Hajja, saboda wannan kika ratso harbi?"

"To in bar shi ya yi ta yi mini masifa? Ba ni ruwa, 'yar Kano."

Ta sha ruwa, ta huta, ta ƙi kwana. Tun daga ranar ban sake ganinta ba.

Gwaggo ta bi ɗanta zuwa wani gari a kudu. Ni kuma aka haɗa ni da ɗalibai 'yan ƙasarmu da za a kwashe a manyan motoci zuwa iyakar Masar. Hanyar nan ba na son tuna ta. Shinge bayan shinge, kowanne da masu bindiga, a sauke mu a zazzage jaka a mayar. Filas ɗin a cikin kitsona na soke shi, na ɗaura ɗankwali biyu. Wata ɗaliba da ke kusa da ni ta yi ta tambayata me na karanta, da na ce kiɗan fim ta ce, "Har Sudan? Don kiɗa?" Na ce mata ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan, ta bari in ji da ƙishirwa.

A bakin iyaka muka yi kwanaki a fili, babu inuwa sai ta jikin mota. Kullum a ce gobe. Akwai wata matar ɗalibi da jaririnta, yaron ya yi kuka har muryarsa ta dushe, ita ma ta zauna tana yi. Na ce kawo shi, ni uwa ce, kuma aikina ke nan. Na rungume shi a ƙirji na rera masa waƙar Hanifa, tsaf yadda aka koya mini. Yaron nan ko a jikinsa. Ya ƙara sauti ma. Na mayar mata da shi na ce zafi ne ya yi masa yawa. A lokacin haka na ɗauka.

Daga baya aka buɗe mana, aka kai mu filin jirgi, muka sauka Abuja, na kwana a mota zuwa Kano. Wata biyun da na yi wa Inna alkawari ya zama kusan uku. Abban Hanifa ya ce mu fara zuwa gidanmu na Dukawuya in yi wanka in ci abinci. Na ce Goron Dutse.

Hanifa tana tsakar gida tana wasa da murfin tukunya. Ta yi tsawo, an yi mata kitso, wanda da na tafi gashin bai kai ba. Na durƙusa na miƙa hannu na ce, "Hanifa." Ta kalle ni. Ta tashi a hankali, ta je ta kama zanin Inna, ta leƙo ta gefe.

"Ga Mamanki," in ji Inna. "Je ki gaishe ta."

Ta ce, "Anti."

Tsoron da na ɗauko tun daga farko na kai shi Sudan na dawo da shi, ga shi a gabana. Na ce ba komai, ina da magani. Na zauna a tabarma na gyara murya na rera mata waƙarta. Ban taɓa rera ta da kyau kamar ranar ba, ko Ustaz ba zai sami abin bugun tebur ba. Ta saurara kamar yadda ake sauraron rediyon maƙwabta, ta koma kan murfin tukunyarta.

Kwana uku na yi a gidan Inna. Na ba ta alewa ta karɓa ta kai wa Inna ta ɓare mata. In na matso ta matsa. Na rera waƙar nan safe da yamma har ƙannena suka fara yi mini amshi don tsokana. A rana ta uku na fashe wa Inna.

"Ke kika jawo! Da kin bar ta tana jin muryata da ba haka ba!"

"Ni na aike ki Sudan?" in ji Inna. "Kuma wannan abin da kike ta yi mana, wace waƙa ce? Ni dai ba ita na saba ji ba."

"Ita ce mana. Gyara ta aka yi."

"To mai gyaran ya iya. Tashi ki juya."

Ta ciro zani daga igiya, ta sunkuci Hanifa tana ihu tana harbin iska, ta ɗora mini ita a baya. "Ɗaure. Yaro ba a gaba yake sanin uwarsa ba. Yi ta zagaye, kada ki tsaya sai na ce."

Na ɗaure na fara zagaya tsakar gida. Tana kuka, tana dukan wuyana, tana kiran Inna. Na fara waƙar don dai kada in yi kukan ni ma. Ta yi nauyi fiye da da, ga ta tana banƙarewa, ban kai ko'ina ba ta fara zamewa. Na sunkuya, na cilla ta sama, na ja zani. Waƙar ta tsaya inda na sunkuya, ta yi tsalle inda na ɗago. Ban yi niyya ba. Layi na huɗu ne.

Kukan ya ragu. Na ci gaba. Da muka sake zuwa wurin ta riga ni: na ji ta ɗan ɗaga jikinta tana jiran cillawar. Na cilla ta. A zagaye na uku sai na ji hannunta ya lallaɓo ta gefen wuyana ya kama ɗan kunnena na hagu, yadda take yi tun tana wata shida in barci zai ɗauke ta. Ta kwantar da kai. Ba ta ce Mama ba, sai washegari, kuma a kan tana son ruwa ne. Amma ni a wurin kunnen nan na san an gama.

Inna ta ce, "To. Sai a sauke mana tukunya, tunda makaranta ta tashi."

Bayan mako biyu na buɗe filas. Sin ɗin ɓarawo da na biyu ban taɓa su ba, suna nan a kan Mai Gadi yadda Ustaz ya koya mini. Na buɗe na uku na kashe sauti, na ɗauki cokali da kofi na bi takun matar nan a ƙofar asibiti. Sai ga shi, abin da ni da Ustaz muka kalla sau ba adadi ba mu gani ba, don ƙafarta muke kallo: duk in ta kai bango za ta juyo, sai ta sunkuya ta gyara goyon. Na kashe Mai Gadi, na goya Hanifa, na buga waƙar a tsaye, na sa tsayawar daidai inda matar ke sunkuyawa.

Oga Sadi ya kira ni. "Maman Hanifa, Sudan ta yi rana, wallahi kamar ba ke ba. Sai dai na asibitin nan, kamar kwamfuta ta yi tsalle wuri uku. A gyara."

Na ce, "Oga, wata uku na yi, da yaƙi a ciki, kafin in san inda ake sa tsallen nan. Ba na gyarawa."

Ya ce editansa zai gyara. Na ce in ya taɓa a cire sunana. Ya bar shi, yana mita.

Lambar Ustaz Mubarak ba ta shiga tun ranar Asabar ɗin nan. Ta Hajja Kaltuma ma haka. Gwaggo Zahra'u ta tambaya ta gaji. Na san mutanenmu da yawa sun yi zama a Umdurman, wasu kuma har yanzu suna da 'yan'uwa a can ko a inda aka gudu. Don Allah duk wanda ya karanta wannan, in ya san wani tsoho mai kiɗan talabijin da ke zaune a saman shagon gyaran firji, ko mai shayin da ke gindin bishiyar ƙofarsa, ya isar mini da saƙo. Ya ce wa Hajja na isa gida, yarinyar ta gane ni. Ya ce wa Ustaz na gano abin da ya rage, ɗingishin da ya cire ne, na mayar da shi wuri uku kacal, kuma da yatsa biyar na buga.